Babi na Biyar: Bakin Busa na Tuba da Hukuncinsa a Kan Sauti

A babin da ya gabata mun ba da labarin yadda aka ƙago tuba a birnin Balin na ƙasar Jamus, inda a shekarar 1835 wani shugaban mabusan soja mai suna Wilhelm Wieprecht da wani maƙeri mai suna Johann Gottfried Moritz suka karɓi takardar shaidar cewa su ne suka fara ƙera ta. Mun kuma bayyana cewa wannan jibgegen ƙaho na tagulla, wanda sai an rungume shi da hannu biyu ake iya busa shi, bututu ne guda ɗaya tak aka nannaɗe, wanda da za a warware shi a shimfiɗa a ƙasa, da na ƙaramar tuba, watau mai harafin F, ya kai ƙafa 12, na babbar kuwa, wadda ake kira BB♭, ya kai ƙafa 18, watau mita biyar da rabi. To, yanzu za mu bar wannan tarin tagulla duka, mu juya ga wani ɗan abu wanda bai fi cikin tafin hannu ba, wanda ake zare shi a jefa aljihu idan an tashi daga aiki, amma wanda ma'abota wannan sana'a suka fi yin saɓani a kansa bisa ga dukkan sauran gaɓoɓin ƙahon, shi ne bakin busa, wurin da leɓɓan mutum suke saduwa da ƙarfe.

Kafin a gane aikin wannan ɗan abu, wajibi ne a fara sanin asalin inda sautin yake fitowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kakaki a ƙofar fada ya lura cewa hura iska kaɗai ba ta sa kakaki ya yi magana, sai mabushi ya haɗe leɓɓansa ya matso iska ta tsakaninsu har su kama karkarwa, suna buɗewa suna rufewa da sauri. Algaita tana da ɗan haki a bakinta wanda shi ne yake yin wannan karkarwa, amma kakaki, da begilar 'yan badujala, da tuba, dukkansu dangi ɗaya ne, ba su da wani haki sai naman leɓen mai busa su. Kowace buɗewa ta leɓe tana tura ɗan kumburin iska cikin bututu, shi kuwa kumburin sai ya bi bututun har mafita, inda kaɗan daga cikinsa yake fita waje ya zama abin da kunne yake ji, mafi yawansa kuwa ya juyo baya ya komo ga leɓɓan da suka aiko shi. Idan komowar tasa ta dace da lokacin da leɓɓan suke shirin sake buɗewa, sai ya taimake su, amo ya zauna daram, idan kuwa ba ta dace ba, sai ya yi musu gardama, amon ya yi ta tangaɗi.

A nan ne tuba take da wata mas'ala wadda ƙananan ƙahoni ba su da ita sosai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka a cikin babbar tuba, zuwa da komowa, watau mita 11, yana cin kusan kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa. Amo mafi kauri na bututun, idan ba a taɓa bawul ko ɗaya ba, watau maɓallan da ake sauya amo da su, yana bukatar leɓe ya karkaɗa sau 29 a daƙiƙa. Amma idan mabushi yana nufin wani amo na tsakiya, wanda yake bukatar karkarwa sau 116, to leɓɓansa za su buɗe su rufe kusan sau huɗu su kaɗai, ba mataimaki, kafin amsar farko ta komo musu daga mafita. A cikin wannan ɗan taƙin, wanda ko ƙiftawar ido bai kai ba, ba abin da leɓɓan suke dogara da shi sai niyyar mai su da kuma ɗan ƙoƙon da yake gabansu, kuma a nan ne ake cin nasarar farkon amo ko a yi asararsa.

Rukunan bakin busa guda biyar ne. Akwai zobe, wanda yake zama a kan leɓɓa. Akwai ƙoƙo, watau kwarmin da leɓɓan suke karkarwa a ciki. A gindin ƙoƙon akwai maƙogwaro, ƙofa mafi ƙunci a duk hanyar iskar. Bayansa akwai ramin baya, wanda yake buɗewa sannu sannu. Sa'an nan wutsiya, wadda take shiga cikin jikin ƙahon. Faɗin zoben tuba daga ciki yakan kama daga milimita 30 zuwa 34, watau kusan ninki biyu na zoben ƙaramin ƙahon da ake kira tirampet, maƙogwaronsa kuwa yakan kai milimita 8 ko abin da ya yi kusa da haka.

Ƙoƙo da maƙogwaro, idan aka haɗa su, suna da amo nasu na kansu, ko da ba a liƙa su a jikin kowane ƙaho ba, kuma kowa yana iya jarraba wannan da hannunsa: a ɗauki bakin busa a buga zoben a kan tafin hannu, za a ji wani ɗan amo ya fito ta wutsiya, kamar yadda kwalba take amsawa idan aka hura iska a gefen bakinta. Wani shehin malamin ilmin kimiyya na Jamus, Hermann von Helmholtz, wanda ya rasu a 1894, shi ne ya yi bayanin ƙa'idar irin wannan mazubi mai ciki da wuya, har ake kiransa da sunansa. Daga baya wani malami Ba'amurke, Arthur Benade, ya tsawaita bincike a kan yadda ƙa'idar take aiki cikin ƙahonin tagulla, a littafinsa na 1976. Taƙaitaccen abin da suka tabbatar shi ne, gwargwadon girman cikin ƙoƙo gwargwadon kaurin wannan amo nasa, gwargwadon faɗin maƙogwaro kuwa gwargwadon tashinsa sama. Fa'idar sanin wannan ita ce, duk wani amo da ƙaho yake fitarwa ba shi kaɗai yake tafe ba, yana tare da 'ya'yansa, watau wasu siraran amo da suke hawa bisa kansa ninki-ninki, waɗanda kunne ba ya rarrabe su ɗaya-ɗaya amma da su yake gane muryar tuba daga ta wani ƙaho. Shi kuwa bakin busa yana ƙarfafa waɗanda suka yi maƙwabtaka da amonsa, ya bar na nesa da rauninsu. Ƙoƙo mai zurfi yana fifita 'ya'yan ƙasa, sai murya ta fito da faɗi da duhu. Ƙoƙo marar zurfi yana fifita na sama, sai ta fito da haske da kaifi. Wannan shi ne asali, sauran maganganun duka rassa ne.

Amma fa girman ciki kaɗai bai ƙare zancen ba, domin kuwa ana iya samun ƙoƙo biyu masu cin ruwa daidai wa daida, siffarsu kuwa ta sha bamban, kuma a kan siffa ne mabusan tuba suka rabu mazhaba biyu. Mazhaba ta farko ita ce ta mazurari, inda bangon ƙoƙon yake gangarawa a miƙe, ko kusa da haka, har ya zarce cikin maƙogwaro ba tare da wata kafaɗa ba. Limamin wannan mazhaba shi ne August Helleberg, mutumin Denmak wanda aka haifa a 1861, ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya busa tuba a ƙungiyar makaɗan Shikago tun kafuwarta a 1891, ya kuma yi aiki a gidan wasan waƙa na Metropolitan a Niyok da badujalar John Philip Sousa, ya rasu a 1936. Kamfanin Conn na garin Elkhart ya ɗauki fasalin bakin busarsa ya riƙa ƙerawa da sunansa, kuma har yau da wuya a sami wani maƙerin bakin busa na tuba wanda ba shi da nasa samfurin na wannan fasali. Mazurari yana ba da murya mai santsi, mai yalwa, wadda take shimfiɗuwa a ƙarƙashin sauran kayan kiɗa ta ɗauke su ba tare da ta nuna kanta ba. Illarsa kuwa ita ce, farkon amo yakan zo da taushi, har idan ana gudu cikin amo masu kauri sai su nemi cakuɗewa da juna. La'alla saboda haka ne aka haɗa wannan ƙoƙo da zobe mai kaifin gefe daga ciki, domin abin da ƙoƙon ya rage na tsabtar farawa, zoben ya biya.

Mazhaba ta biyu ita ce ta ƙwarya, inda ƙoƙon yake da ciki zagayayye, bangonsa ya sauka sa'an nan ya lanƙwaso ya yi kafaɗa kafin ya isa maƙogwaro; a Amurka akan danganta wani sanannen fasalinta ga Fred Geib, wani mabushin tuba na Niyok a farkon ƙarni na 20. Wannan siffa tana ba mabushi abin da zai jingina da shi, yana jin iskar tana tokare shi kaɗan, farkon kowane amo yana fita a fili, muryar kuma tana da wata ƙwaya a tsakiyarta wadda take ratsa taron makaɗa ta isa kunnen na bayan ɗaki. Abin da ake biya kuwa shi ne, idan aka matsa mata da ƙarfi ta fi saurin yin tsauri da amon ƙarfe. Masu sana'ar suna da wata magana da suka gada, cewa mazurari ya fi dacewa da manyan tuba irin na Amurka masu bawul na dannawa, ƙwarya kuwa ta fi dacewa da irin na Jamus masu bawul na juyawa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba ta kai matsayin ijma'i ba, gama akwai gwanaye da yawa da suka saɓa mata kuma ba wanda ya ji aibi a busarsu. A ganina abin da ya fi ƙarfin hujja shi ne a dubi halin ƙahon kansa, a ba shi abin da ya rasa: wanda muryarsa ta cika yaɗuwa a ɗaure ta da ƙwarya, wanda tasa ta cika tsauri a sassauta ta da mazurari. Galibin abin da ake sayarwa a yau ma tsaka-tsaki ne, an ɗebo daga nan an ɗebo daga can.

Zobe kuwa, ko da yake tasirinsa a kan sauti bai kai na ƙoƙo ba, shi ne abin da mabushi yake fara ji kuma yake daɗewa yana ji, domin shi ne yake zaune a kan fata. Zobe mai faɗin baki yana rarraba nauyin matsi, saboda haka mutum ya daɗe yana busa bai gaji ba, amma yana danne naman leɓe ya hana shi sakewa idan ana son tsallakawa daga amo mai kauri zuwa siriri. Zobe siriri yana sakin leɓe ya yi yadda ya so, amma yana nutsewa cikin nama ya kawo gajiya da wuri. Haka nan gefensa na ciki: mai kaifi yana yanke wa leɓe iyaka bayyananna, farkon amo ya fita tsaf, mai laushi kuwa yana da daɗin zama, yana kuma sauƙaƙa sulalewa daga amo zuwa amo, amma yakan bar farkon da hazo. Game da faɗin da'irar, idan ta yalwata nama mai yawa yake shiga yana karkarwa, amo masu kauri su samu sarari, sai dai riƙe wannan nama a sama yana bukatar tsoka wadda ta horu. Bambancin rabin milimita, wanda ido ba ya ko kula da shi, leɓe yana jinsa kamar an sauya masa ɗaki.

Ɗaya daga cikin mutanen da suka fara tsara waɗannan awo bisa nizami har suka zama abin da ake oda da lamba shi ne Vincent Bach, wanda aka haifa kusa da birnin Viyana a 1890, ya yi karatun injiniya, ya kuma zama gwanin tirampet. Dalilin shigarsa wannan sana'a abin mamaki ne: yana cikin yawon wasa a Amurka sai ya ba wani mai gyara bakin busarsa domin a ɗan taɓa shi, mai gyaran ya lalata shi, ya nemi madadinsa ya rasa, har abin ya kai shi ga kafa injin sassaƙa ƙarfe a Niyok a 1918 ya riƙa ƙera nasa. A lissafinsa, ƙaramar lamba ita ce babban zobe: na tuba mai lamba 18 ya ɗan haura milimita 32, mai lamba 24AW kuwa ya ɗan haura 31, da zobe mai faɗin baki da ƙoƙo mai zurfi ƙwarai. Wannan na biyun yana da labari mai koya hankali. Malamai da yawa a Amurka ba su cika sonsa ba, suna ganin faɗin zobensa yana dabaibaye leɓe. Alhali kuwa a Ingila da shi John Fletcher, mabushin ƙungiyar makaɗan Landan wanda ya rasu a 1987, ya yi busar da har yanzu ake buga misali da ita wajen sauri da tsabta, a kan tubar nan mai harafin E♭ wadda Ingilishi suka fi so, kuma saboda shi almajirai masu yawa a can suka rungumi wannan lamba. Abu ɗaya ne, awo ɗaya, amma da aka sauya ƙaho aka sauya leɓe sai hukuncin ya juye. Ya kamata kuma mai saye ya sani cewa lambobin nan ba su da wata ma'ana a wajen gidan da ya sa su, kowane maƙeri da nasa lissafin, har wurin da ake ɗora ma'auni a kan lanƙwasar zoben ma ba a yi ittifaƙi a kansa ba.

Sai maƙogwaro, wanda shi ne mai rabon numfashi. Tuba ba ta bukatar matsin iska mai tsanani irin na tirampet, abin da take ci shi ne yawa, musamman a amo masu kauri idan ana son ƙarfi, inda cikin huhu guda yake ƙarewa a 'yan daƙiƙoƙi kaɗan. Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan al'amari shi ne Arnold Jacobs, wanda ya riƙe kujerar tuba a Shikago daga 1944 zuwa 1988, kuma ko da yake yana fama da ciwon asma, ya zama abin koyi wajen cikar murya. Ɗakin karatunsa cike yake da na'urorin awon numfashi irin na asibiti, mabusan kowane irin ƙaho suna zuwa daga nesa domin ya duba su. Maƙogwaro mai faɗi yana barin iska ta wuce a sake, murya ta yi girma ba ta fashe ba, amma yana shanye numfashi, yana kuma wahalar da busa a hankali, domin leɓe ya rasa abin tokarawa. Ƙuntatacce yana tattalin iska, yana sauƙaƙa riƙe amo, amma idan aka zo wurin ƙarfi sai ya toshe, mabushi ya ji iskar tana komo masa. Akwai wata ɓarna da ta yaɗu a tsakanin matasan mabusa, ta ɗaukar abin huda ƙarfe su ƙara faɗin maƙogwaro da kansu suna neman babbar murya. Ƙarfen da aka rarake ba ya komawa, kuma sau da yawa ba sauti kaɗai suke sauyawa ba, har da daidaiton amo, gama faɗaɗa maƙogwaro yana ɗaga amo na sama, kamar yadda zurfafa ƙoƙo yake saukar da su. Shi Jacobs, duk da na'urorinsa, abin da ya fi nanata wa almajiransa shi ne su zare bakin busa su riƙa rera waƙa da shi kaɗai, domin wanda bai ji amon a cikin kansa ba tun kafin ya busa, babu awon da zai ba shi shi.

Ramin baya da wutsiya ba sa bukatar dogon bayani, sai dai gargaɗi guda. Wutsiyar ba kauri ɗaya gare ta ba a ko'ina: akwai ta Amurka, akwai wadda ake kira ta Turai mai ɗan fin ta kauri, akwai kuma wata siririya ta tsofaffin ƙahonin Ingila. Idan aka sa siririya a mashiga mai faɗi sai ta nutse fiye da kima ko ta riƙa girgiɗi iska tana zurara, idan aka sa mai kauri a ƙuntatacciya sai ta tsaya a waje ta ƙara wa bututun tsawo, amo duka su sauka. Sau da yawa akan ɗora wa ƙoƙo laifin da na wutsiya ne, musamman a badujalar da ta gaji tsofaffin kayan Ingila sa'an nan aka sayo mata sababbin bakunan busa daga wata ƙasa.

Game da ƙarfen da ake yin sa, galibi tagulla ce ake shafe ta da azurfa, wani lokaci da zinariya, kuma shafen ba ado ba ne kawai, domin tsurar tagulla tana ɓata fatar leɓe, saboda haka wanda shafensa ya goge ya kamata a sake masa ko a ajiye shi. Zinariya ta fi santsi a leɓe, azurfa ta fi kamawa. Akwai na baƙin ƙarfe marar tsatsa, akwai kuma na roba mai tauri, wanda masu fareti a ƙasashen ƙanƙara suke so domin ba ya daskarar da leɓe. Amma da'awar da wasu suke yi, cewa irin ƙarfen ko nauyinsa yana sauya muryar da mai sauraro yake ji, ni dai ina karɓarta da taka-tsantsan, domin tasirin siffar cikin ƙoƙo abu ne da ake aunawa a gani, wannan kuwa mafi yawan hujjarsa shaidar mabushi ce a kan kansa.

Shaidar mabushi a kan kansa kuwa tana da rauni ta fuska biyu. Ta farko, ba ya jin abin da jama'a suke ji: mafitar tuba tana kallon sama, sautin yana tashi ya bugi rufi ya zagaya ɗaki kafin ya sauko, shi kuwa mai busa yana jin rabin abin ne ta ƙasusuwan muƙamuƙinsa da na kansa, saboda haka bakin busar da ya cika masa kunne da daɗi yana iya zama gunaguni marar fasali a sahun baya, wanda kuma ya ji kamar ya cika kaifi yana iya isa can daidai. Ta biyu, leɓe yana da ɗabi'ar murna da baƙo: ranar farko sabon zobe yana zama a kan naman da bai gaji ba, sai kome ya zo da sauƙi, bayan mako biyu ko uku kuwa, idan tsokar ta saba, sai tsofaffin matsaloli su komo, wani lokaci da sababbi a bayansu. Saboda haka gwanaye idan za su gwada, sukan tafi ɗakin da za a yi wasan, su zaunar da wani mai kunne a nesa wanda bai san wanne ake busawa ba, su sauya rukuni ɗaya kawai a kowane gwaji, ko zurfin ƙoƙo ko faɗin zobe, su kuma ajiye na'urar awon amo a gefe domin a ga ko na sama da na ƙasa suna nan a mazauninsu. Ba su kan tsaya a kan busa mai ƙarfi ba, gama kusan kowane babban ƙoƙo yana burgewa a can; abin da suke maimaitawa shi ne shiga amo mai kauri a hankali bayan dogon shiru, da gudu cikin amo na ƙasa, da kuma amo na sama a ƙarshen sa'a guda ta aiki, lokacin da leɓe ya riga ya gaji.